Soson da Na Dafa

Ranar Litinin da hantsi matacin ruwan kifin ya fara ƙara, irin ƙarar tsakuwa a cikin gwangwani. Ina tsakiyar goge wa maigidana baki na ji ta. Kafin in ajiye tawul, ruwan da ke kwarara daga bakin matacin ya koma ɗigo, daga nan ya ɗauke ɗif. Ɗakin ya yi tsit. Sai a lokacin na lura cewa wata goma sha ɗaya ke nan, in aka cire ni, wannan ruwan ne kaɗai ke magana a gidan nan.

Injiniya ake ce wa maigidana, har ni haka nake kiransa, don shekara talatin da biyar ya yi yana gyaran injinan tura ruwa. Bara war haka lafiyarsa ƙalau. Rana ɗaya ya faɗi a banɗaki, ciwon ya ɗauke masa ɓarin dama, ya haɗa da harshe. Abin da aka bar mana shi ne hannun hagu da idanu. Idan yana son abu sai ya buga ƙarfen gado da zobensa, ni kuma in yi ta canka har in dace.

A hawa na uku muke, benen babu lifta, matakalar kuma kamar da ƙugun mutum ɗaya aka auna ta. Ƙarti huɗu ne suka hawo da shi a kujera ranar da aka sallamo mu daga asibiti, tun daga ranar bai sake taka ƙasa ba. Ni ma ɗin ba wani nisa nake yi ba. Iyakata shagon magani na gindin bene, minti bakwai zuwa da dawowa, da agogo na auna. Tagar ɗakin akwai ƙarafa, abin da ake hange ta cikinta kuwa bangon maƙwabta ne da bututun banɗakinsu.

Saboda haka tankin kifin ne duk duniyarsa. Na gilashi ne, tsawonsa ya kai hannu biyu, na sa aka jawo masa shi gefen gado ta hagu. Kifi bakwai ne a ciki, masu ruwan zinare. Babbansu, wani mai tumbi ɗan shekara tara, Injiniya ya raɗa masa suna Ciyaman, wai don shi ke fara ci kuma ba ya tsinana komai.

Kullum da safe nakan buɗe gwangwanin abincinsu, ya tsinka da yatsu uku, in tallafe masa gwiwar hannu har ya kai bakin tankin ya barbaɗa. Sai ya ga Ciyaman ya ci, sannan shi ma ya buɗe baki a ba shi. Haka tsarin yake, ba kuma ni na tsara ba. Ranar da na yi gaggawa na ciyar da kifin da kaina, wuni ya yi haƙora a datse.

Wannan cin abincin shi ne abin da nake tsoro. Likitan da ke duba shi duk bayan mako biyu ya ɗaga hannunsa a zuwan ƙarshe, ya dubi yadda fata ke reto, ya ce da ni, "Sista, ba sai na gaya miki ba. In na dawo na tarar ya ƙara zubewa, sai robar hanci."

Ba sai ya gaya min ba kam. Ma'aikaciyar jinya ce ni, shekara talatin da ɗaya na yi ina aiki, yawancinsu a ɗakin tiyata. Na zura wa mutane robar abinci ta hanci har ban san iyaka ba, na san kallon da suke yi wa mai zurawa. Na san kuma hannun da ake ɗaurewa a jikin gado don kada mara lafiya ya fizge ta. Injiniya hannu ɗaya gare shi. Na yi wa kaina alkawari ba za a ɗaure shi ina raye ba. Likita kuwa Litinin mai zuwa zai dawo.

To, mataci ya tsaya. Injiniya ya dube shi, ya dube ni.

"Kwantar da hankalinka," na ce. "Wadda ta kwance injin numfashi ta mayar, wannan ɗan akwatin ne zai gagare ta?"

Wani baƙin akwatin roba ne da ke rataye a bayan tankin, da bututu ɗaya da ke zuƙo ruwa daga ƙasa. Na bi shi daki-daki yadda ake bin mara lafiya. Na fara cire fulogin na gwada cajar waya a soket ɗin, wuta tana nan. Na mayar, na ɗora tafin hannu a kan injin, na ji ya yi zafi yana gunji a ciki, amma ba ya ja. Wato da rai, wani abu ne ya shaƙe shi. Na kashe, na sauke akwatin a kan tire, na ɗaga murfi.

Inna lillahi. Abin da na gani ban taɓa ganin irinsa a gidana ba. Wani soso ne a ciki, ya yi baƙi-baƙi, ya jiƙe da wani yauƙi mai launin ƙasa, ƙarƙashinsa wasu 'yan zobba na tangaran duk sun yi kauri da datti. Wari kamar bakin kududdufi. Wata goma sha ɗaya wannan ƙazantar tana kamu biyu da hancin mara lafiyata, ni kuma ina ta goge ƙofa da maganin kashe ƙwayoyin cuta safe da yamma. Kunya ta kama ni, sannan haushi ya biyo baya.

Na daure na ci gaba. Na zare bututun, na hura, na ga ganye da laka sun toshe rabinsa. Na murɗe injin daga gindin akwatin ya fito, a cikinsa akwai wata 'yar farfela da ba ta fi babban yatsa ba, a jikin maganaɗisu. Nan cutar take. Ɓawon wani ɗan dodon-koɗi ne ya maƙale tsakanin fukafukanta, ga kuma gashi ya nannaɗe sandar da take juyawa a kai. Farin gashi, dogo. Ba sai an kira shaida ba, nawa ne. Na ɗauko hantsakina na tiyata na zare su ɗaya bayan ɗaya, na kaɗa farfelar da yatsa, ta juya sumul.

Da a nan na tsaya, da ba ni da labarin ba ku.

Amma ni ba a koya min mayar da abu mai datti cikin jiki ba. Na kwashe kifin da rariya na zuba a babbar roba. Na kwashe ruwan tankin kaf, na wanke gilashin da sabulu, na wanke tsakuwar ƙasan sau huɗu har ta yi ƙyalli. Zobban nan na jiƙa su a bilic. Soson kuwa na matse shi a famfo da omo har kumfa ta daina yin baƙi, sannan na ɗora tukunya na dafa shi minti ashirin cif, yadda ake yi wa kayan aiki.

Tun da na fita da soson Injiniya yake buga ƙarfen gado. Ƙwan, ƙwan, ƙwan, babu tsayawa. Na leƙo da tukunya a hannu na ga jijiyar wuyansa ta tashi, bakinsa ya karkace yana son ya fitar da wani abu, iska kawai ke fita.

"Na ji, na ji," na ce. "Yanzu zan mayar maka da 'ya'yanka. Mutum sai gajen haƙuri."

Ya miƙa hannu yana nuna ƙarƙashin tebur. Wani tsohon koren bokiti ne a wurin, wanda bai taɓa yarda sabulu ya taɓa shi ba. Mun taɓa yin kwana biyu ba ma magana saboda na jiƙa wanki a ciki. Na ɗauka rigimar tsufa ce kawai irin ta maza, kowa da abin da yake hana a taɓa masa.

"Af, shi ma ka ga ya yi datti ko?" na ce. Na jawo shi na haɗa da shi a bilic.

Ya daina bugawa. Ya juya fuska bango. Na ce a raina ya gaji ne.

Na cika tankin da sabon ruwan famfo, na harhaɗa komai, na kunna. Injin ya yi gurnani, ruwa bai hau ba. Na kashe na sake kunnawa, shiru. Na tsaya ina kallon bututun, sai na ga iska ce cike a ciki. Wannan kam aikina ne, ko robar ƙarin ruwa ba ta tafiya sai an kore iskar. Na ɗebo ruwa a kofi na cika akwatin har baki, na kunna, ya yi tari sau biyu, ruwa ya hau ya fara zuba shaa, fiye ma da yadda yake a da. Na mayar da kifin. Ruwan ya yi garau kamar babu shi, kifin kamar a iska suke yawo.

"Ka gani?" na ce. "Shekara tara kana ajiye su a masai."

Wallahi haka na faɗa, da bakina.

Talata kifin suka laɓe a kusurwa, suka tsuke fukafukai. Na ce baƙunta ce. Injiniya ya barbaɗa musu abinci, Ciyaman ya shinshina ya wuce. Shi ma cokali huɗu ya karɓa ya rufe baki.

Laraba na tashi na tarar ruwan ya yi fari-fari kamar ruwan wankin shinkafa, kifin duk sun taso sama suna buɗe baki suna rufewa. Mataci yana aiki lafiya lau, ruwa na zuba, babu ƙara, babu zafi. Na duba farfela, tsaf. Na duba bututu, tsaf. An ce ruwa ba ya tsami banza, don haka na yanke hukunci da irin ilimina: akwai sauran ƙwayar cuta da ta tsira. Na sake fitar da soson na sake dafa shi, wannan karon rabin awa.

Alhamis biyu suka mutu. Na tsame su da sassafe yana barci, na naɗe a takarda, na goge hannu, na zo da fara'ata da gwangwanin abinci. Ya buɗe ido ya dubi tankin. Na ga leɓensa na motsi, yana ƙirgawa. Ya kai biyar ya tsaya, ya sake farawa. Daga nan ya ture gwangwanin da bayan hannu, abincin ya watse a kan zanin gado.

Ranar ko ruwa sai da na yi da gaske. Na dama masa dankali da madara yadda yake so, na yi lallashi, na yi wasa, na yi faɗa. Na ce, "Injiniya, kifi ne fa. Kifi! Na kasuwa ma da muke soyawa 'yan'uwansu ne." Ya dube ni da idon nan nasa na hagu, kallon da bai taɓa yi min ba ko a zamanin da muke da ƙarfin yin faɗa. Na fita kicin na tsaya gaban tukunya ina huci, ban san wa nake jin haushi ba.

Juma'a wasu biyu suka bi. Saura uku, Ciyaman da ƙanana biyu. Ciyaman ya sauka ƙasa ya kwanta a kan tsakuwar da na wanke, ya ɗan karkace, jajayen jijiyoyi sun fito masa a wutsiya. Na zauna a kujera tsakanin gado da tanki, in dubi wannan in dubi wancan, duk su biyun suna numfashi da ƙyar, duk su biyun ba mai iya gaya min inda ke masa ciwo. Na duba littafin da ya zo da matacin, hotuna ne kawai na yadda ake haɗawa. Na yi tunanin sauka in nemi masu sayar da kifin ado, amma suna can ƙarshen gari, awa biyu zuwa da dawowa, wa zan bar wa shi? Ɗakin nan da nake gogewa sau biyu a rana ya matse ni har na ji kamar in fasa tagar. Tsoro nake ji, tsoro sosai, kuma ba ni da wanda zan gaya wa.

Asabar da safe autarmu ta kira daga garin da take aure. Ban yi niyyar faɗa mata ba, muryata ce ta tona ni.

"Umma, kwana nawa bai ci ba?"

"Yau na uku."

"Kin kira Baffa?"

"Wane Baffa?"

"Umma, Baffa nawa gare ni? Shi ma fa yana da tankin nan, tare suka fara da Abba. Ki kira shi don Allah."

"Ba zan kira shi ba."

"To ki bari likita ya zo da robarsa," ta ce, ta fashe da kuka, ta kashe wayar. Yarinyar nan bakina ta ɗauko, ba ta bar komai ba.

Baffan nata shi ne Dogo, ƙanin Injiniya, bakaniken manyan motoci. Tun ina amarya yake tsokanata, ba ya kirana sai da "matarmu", ni kuma in ce masa ya fara yin wanka tukuna kafin ya yi zancen mata. Da ciwon nan ya zo kullum yana nan bayan an tashi aiki. Ya shigo da kayan gareji, ya zauna a bakin gado, ya yi ta zuba labarin direbobi yana dariya shi kaɗai, yana dafa yayansa da hannuwan nan da baƙin mai ya zauna a faratansu. Wata biyar da suka wuce Injiniya ya yi ciwon ƙirji, muka yi mako guda ba barci. Da Dogo ya zo na tare shi a ƙofa, gaban maƙwabta biyu, na ce shi ya kwaso masa cuta, kada ya sake taka min ɗaki da wannan ƙazantar. Bai yi musu ba. Ya ce, "To, Sista. Sai kin kira ni." Ya sauka.

Ba shi kaɗai ba ne, in za a faɗi gaskiya. Abokan aikin Injiniya na kafa musu doka: a cire takalmi, a wanke hannu har gwiwa, a sa takunkumi, minti goma, ban da mai tari. Suka riƙa raguwa da ɗaya ɗaya har aka wayi gari ba mai ƙwanƙwasa mana ƙofa sai likita. Ni kuma na ce madalla, an huta da ƙura.

Na riƙe wayar na fi rabin awa. Na dubi kwanon safe da ko cokali ɗaya bai ragu ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na danna.

"Sista," ya ce. Ko gaisuwa babu.

"Kifin yayanka ne ke mutuwa."

"Me ya sami matacin?"

"Na gyara shi. Dodon-koɗi ne a farfela."

"To ai shi ke nan. Soson fa?"

"Na wanke."

"Da me?"

Na gaya masa. Na gaya masa har da tukunyar.

"Kin dafa," ya ce a hankali. "Sau nawa?"

"Biyu."

"Kada ki sake taɓa komai. Ki tari ruwa a roba ki ajiye. Ina zuwa."

Bayan azahar na ji takunsa a matakala, yana hawa yana hutawa, don shi ma ba yaro ba ne. Na buɗe ƙofa na gan shi da kayan aikinsa, riƙe da wani ƙaramin bokitin fenti. Ya tsaya daidai bakin ƙofa, ƙafarsa ba ta haye dokin ƙofar ba. Ya miƙo min bokitin. A ciki wani soso ne a nutse cikin ruwa mai launin shayi, ya fi wanda na dafa muni, har wani abu ke reto a jikinsa.

"Mene ne wannan?"

"Magani."

"Dogo, ba wasa na kira ka ba."

"Ni ma ban zo wasa ba. Ke da kika yi boko, ba a gaya muku akwai ƙwayoyin da ba na cuta ba? Kifi a ruwan da yake sha yake fitsari, a ciki yake kashi. Wannan dattin da kike gani masu rai ne a ciki, su ke cinye dafin kafin ya ƙone musu jiki. Akwatin da farfelar duk 'yan rakiya ne, aikinsu su kai wa soso ruwa. Kin gyara ɗan aike kin kashe mai gidan."

Na tsaya riƙe da bokitin. Na sani fa. Na san da irinsu a cikin hanjin mutum, na sha gaya wa ɗalibai. Ban taɓa kawowa a raina cewa abin da na karanta zai zo min a siffar wannan yauƙin ba.

"Shi ya sa ba a wanke shi a famfo," ya ci gaba. "Maganin da ke cikin ruwan famfo kashe su yake yi. A ɗebi ruwan tankin a bokiti, a matsa soson sau biyu sau uku, a mayar da shi da sauran dattinsa. Yaya yana da wani koren bokiti na wannan aikin, bai taɓa nuna miki ba?"

"Ya nuna min," na ce. Muryata ta fita ƙasa-ƙasa.

"To. Wannan rabin nawa ne na yanko. Asalinsa ma na Yaya ne, shi ya yankar min nasa ranar da na kafa tankina. Dattinsa ne na dawo masa da shi. Je ki saka, kada ya sha iska. Kada ki ɗauraye, na roƙe ki da girman Allah."

"Ba za ka shigo ka saka ba?"

"An hana ni."

Daga cikin ɗaki ƙarfen gado ya fara ƙara. Injiniya ya ji muryar. Ba irin bugun Litinin ba ne, wannan da sauri-sauri yake, kamar mai buga ƙofar gidansu. Dogo ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa.

"Shigo," na ce.

"Ina sabulun?"

"Ka shigo kawai, Dogo. Na yi kuskure. Ka shigo."

Ya shigo da takalminsa. Na ga sawun da ya bari a kan tayil ɗina, na ɗauke kai.

Ni na saka soson, da hannuna, babu safar hannu. Yana da sanyi da santsi, ya bi min tsakanin yatsu, tsigar jikina ta tashi har ƙeya. Na cire nawa fari tas na ajiye gefe, na danna wannan a gurbinsa, na cika akwatin da ruwa na kunna. Wani gajimaren datti ya fito ya bazu a tankin. Dogo yana tsaye a kaina yana ba da umarni kamar ya sami sabon ɗan koyo: a rage kashi ɗaya cikin uku na ruwan, a ƙara da wanda na tara a roba, ya ɗiga wani magani daga 'yar kwalba a aljihunsa, gobe ma haka, jibi ma haka, da ruwan da ya kwana a roba.

"Ciyaman zai tashi?" na tambaya.

Ya durƙusa ya daɗe yana kallonsa. "Ban yi miki alkawari ba. Ƙananan dai ina sa rai. Sannan kada a ba su abinci, kwana uku. Ko ƙwaya ɗaya. In sun ci za su ƙara ɓata ruwan."

Na jawo shi gefe na yi ƙasa da murya. "Ba ya ci sai sun ci. Yau kwana uku. Jibi likita zai zo da robar hanci."

Ya dubi yayansa, ya dubi kwanon da ke kan tebur a rufe. Ya je ya zauna a bakin gado, daidai inda ya saba zama, a kan farin zanin da na shimfiɗa da safe. Injiniya ya cafke masa riga da hannun hagu ya riƙe gam.

"Yaya, ka ga yadda ka koma? Kamar sandar rake da aka tsotse. Me ake ba ka a gidan nan?" Ya buɗe kwanon ya shinshina. "Dankali da madara! Mu muna can muna fama da burodi busasshe. To in ba ka ci, ni ban karya ba."

Ya ɗauki cokalin, cokalin da nake dafawa kullum da safe, ya ɗebo ya kai bakinsa. Ya sake ɗebowa. Na ga baƙin faratansa a jikin cokalin, na ji maganar ta taso min har bakin leɓe. Tawul da sabulu suna hannuna, ban san ma lokacin da na ɗauko su ba.

Dogo ya ɗago ya dube ni. "Matarmu, tsayuwar nan taki tana hana mutum haɗiya. Je ki sha iska mana. Ina nan."

"Sai an ɗaga masa kai sosai. Kuma kaɗan-kaɗan, in ya..."

"Na ji. Je ki."

Na ajiye tawul ɗin. Na saka mayafi na fita, na jawo ƙofar ban rufe ta duka ba. Na tsaya a kan matakala ina kallon ƙasa. Wata goma sha ɗaya ina mafarkin ranar da wani zai ce min je ki, ga shi an ce, na rasa inda zan nufa. Shagon magani ba na bukatar komai a ciki. Ƙawayena ban san ma wadda ke gari ba. Na sauka taki uku, na zauna a wurin na jingina da bango.

Daga nan ina jin komai. Ruwa yana zuba a tankin. Dogo yana labarin wani direba da ya kawo mota wai tana ƙara, ashe kwalba ce a ƙarƙashin kujera. Cokali yana taɓa kwano, ƙwas, a ɗan jima, ƙwas. Na ƙirga har shida, amma ban san bakin da yake shiga ba. Dogo mutum ne da zai iya cinye kwanon nan tas yana surutu bai lura ba.

Sai labarin ya tsaya. Cokali ya taɓa kwano sau ɗaya, aka yi shiru mai ɗan tsawo. Daga nan na ji tari, ɗan gajere, sau biyu, na biyun ya fi na farko kauri.

Na san tarin nan kamar yadda na san sunana. Injiniya ba ya yin sa sai ya haɗiyi abu.

Na miƙe zumbur zan koma in ce a dakata, a gyara masa zama, a bari ya huta kafin na gaba. Na kama ƙarfen matakalar na riƙe da hannu biyu, hannuwan da har yanzu suke warin kududdufi, na koma na zauna. Na toshe bakina da gefen mayafi don kada su ji ni.

"Yauwa," na ji Dogo ya ce. "Yanzu kuma nawa kason. Kai, Yaya, sakar min hannu mana, ai na ce zan ba ka."